Yadda Na Kai Tayar Kekena Nnewi

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Malam Audu a Bukan Sidi sai wani ya jawo benci ya matso: "Haladu, wai da gaske ne an yi cigiyarka da lasifika?" Wani ya ce shi ya ji kama ni aka yi a hanya. Duk wanda na ba amsa kuma sai ya je ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin sau ɗaya yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ni a firamare na tsaya, kada a nemi iya tsara magana a wurina. Abin da na gani zan faɗa, wanda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kai biredin gidan Hajiya Lami zuwa Kwandere da ƙauyukan gefenta. Keke gare ni wanda aka ɗora wa ɗan ƙaramin inji, mai ƙara kamar injin markaɗe. Mai kaɗan yake sha, kuma yana ɗaukar akwatin biredi a kariya ba gardama. Injin yana da tasa kacar daban, ita ce ke jan wani faranti mai haƙora da aka ɗaure a jikin tayar baya. Kanikawa na ce masa siporoket, ni faranti nake ce masa. Wannan farantin shi ya fitar da ni daga Lafia.

Farantin da ya zo tare da injin bai daɗe ba haƙoransa suka lanƙwashe kamar ƙugiya. Na sayi wani a kasuwar gari, shi ma haka. Na aika aka kawo mini daga Makurdi, bai ga tsakiyar damina ba. In haƙora suka cinye sai kaca ta riƙa tsalle, in ta yi tsalle kuwa sai taya ta cije. Wata safiya bayan ruwan sama ta cije mini gab da Kwandere. Na yi sama, akwati ya buɗe, biredi ya watse cikin taɓo. Masu shayi suka jira har rana ta ɗaga, ba biredi ba labarinsa.

Hajiya Lami ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Haladu, ban taɓa samun ka da rashin gaskiya ba. Amma mutane biredi suke saye, ba gaskiya ba. Ga Sabo mai babur kullum yana roƙona hanyar Kwandere. Je ka gyara abin nan gyaran ƙarshe, Sabo zai riƙe maka kafin ka gama. In ya sake tsayawa da kayana, hanya ta zama tasa."

Ni kuwa ba gona gare ni ba, ba shago ba. Wannan hanya ita ce abincin gidana.

Na tafi wurin Terna, bakaniken da ke duba mini keken tun farko. Batibi ne, mutumin kirki, sai dai ba ya iya ganina bai yi dariya ba. Ya juya farantin a hannu ya ce, "Oga Haladu, duk wanda ake kawowa nan gwangwani ne. Ƙarfe na gaske yana Nnewi, can ƙasar Ibo. Can ne uwar kayan babur. In cire maka tsohon, ka sa a leda, ka nuna musu."

Na ce, "Idan fa na sayo ya ƙi zama a tayar?"

"Zai zauna."

"Idan fa bai zauna ba?"

"To ka tafi da tayar mana!"

Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ga ba maganar da ta fi wannan hankali. Na sa ya kwance tayar baya gaba ɗaya, da farantinta a jiki, na ɗauka na kai gida. Matata Asabe ta dube ni, ta dubi taya, ta ce, "Baban Hauwa, ka haɗa da keken duka mana. In da wuri ni ma ka ɗauke ni." Duk da haka ta nemo tsohon zane ta naɗe mini ita, ta soya mini gyaɗa.

A tasha rigima ta fara. Ɗan kamasho ya ce taya but za ta shiga. Na leƙa but ɗin na ga buhunan doya. Na ce idan fa doya ta danne ta wayoyin suka lanƙwashe? Ya ce to a ɗaure a sama. Na ce idan fa igiya ta kwance? Ya ce, "Malam, to ka goya ta." A ƙarshe a cinyata ta zauna, ina leƙen duniya ta samanta. Kusa da ni wata dattijuwa ce Batibiya mai suna Mama Dooshima, za ta Makurdi ganin jika. Duk ramin da muka faɗa sai taya ta zungure ta a kafaɗa, ni kuma in ce ta yi haƙuri. Da abin ya yi yawa ta ce, "Ɗana, haƙurin ya isa haka. Ka ajiye saura, hanya da nisa."

Wajen iyakar Nasarawa da Binuwai akwai shingen jami'an tsaro. A nan ne ake cewa an kama ni, to ba a kama ni ba. Wani jami'i ne ya leƙo ta taga, ya ɗaga zanen, ya ce, "Malam, ina sauran keken?"

"Yana gida, ranka ya daɗe."

"To me ya raba su?"

Na fara ba shi labari tun daga farantin farko. Bai bari na kai na biyu ba ya ce in nuna masa shaidar cewa tawa ce. Na ciro rasit ɗin keke da na inji daga leda. Ya duba sama sama, ya miƙo mini, ya ɗaga wa direba hannu. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma zuciyata ta ƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya fa ba a rubuta taya daban a ciki ba."

Motar duka ta ɗauki salati da tsaki. Direba ya dafe kai. Jami'in ya dawo ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa ganin irina ba. Sai Mama Dooshima ta ce, "Ofisa, bar shi. Ni na san shi. Shi ne mai biredin da ya faɗi a hanyar Kwandere. Awakina ne suka cinye biredin, har yau in sun ji ƙarar kekensa sai su fito."

Jami'in ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota. Ya ce mu tafi, Allah ya haɗa taya da 'yar'uwarta. Ni kuwa sai a lokacin na san ashe tun daga tasha ta gane ni ta yi shiru.

Gadar Makurdi ba zan iya ba ku labarinta sosai ba, don idona a rufe muka haye. A tasha Mama Dooshima ta saya mini gasasshiyar doya da manja da lemo, ta ce ladan biredin awaki ne. Na shiga masallacin tasha na yi salla da tayar a jingine a gabana. Da muka sallame wani dattijo ya ce, "Malam, wannan sutura da ka kafa a gabanka ta fi ta kowa."

Motar da na shiga daga nan ta masu zuwa kudu ce, kuma tun kafin ta tashi na ga bambanci. Mu a nan direba bisimilla yake yi a ransa ya murɗa makulli. Su kuwa wani mutum ne da kwat ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a da ƙarfi, ya roƙa wa direba, da burki, da inji, da kowane fasinja. Da idonsa ya faɗo kaina sai ya haɗa da tayar ɗan'uwanmu Bahaushe. Kowa ya ce amin. Na yi ta tunanin ko ya dace in amsa. Na ga dai sauka lafiya ya roƙa, ba wani abu ba, sai na amsa a hankali.

Muka wuce Otukpo, muka shiga ƙasar Ibo. A wata babbar mararraba kafin Inugu mata suka yanyame mota da wani abu a ƙunshe cikin ganyen ayaba, suna kiran okpa, okpa. Yunwa ta kama ni, amma na ƙudura ba zan ci abin da ban san cikinsa ba. Na tambayi ta farko da ɗan buroka na, ta lissafa mini. Na tambayi wata daban don in ga ko bakinsu zai zo ɗaya. Ya zo ɗaya. Ashe gurjiya ce aka niƙa, da manja da gishiri da barkono, ba nama ko ɗigo. Kamar alale take, sai dai ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Na ci ƙunshi guda na sha ruwa, sai na ji kamar an zuba mini kankare a ciki. Asabe ta gwada yi mini ita da na dawo, ba ta yi ba. Wannan kada wanda ya karanta ya kai mata.

Gab da magariba na sauka Nnewi, ban san kowa ba. Wani fasinja ya ce in nemi masu albasa. Haka na yi, na dace da Malam Iro, mutumin wajen Sakkwato, ya daɗe a garin har yana ciniki da yarensu. Bai tambaye ni komai ba sai da na yi salla na ci tuwo. Ɗaki ɗaya suke kwana su da yawa, masu albasa da masu awaki, girki kuma bi da bi suke yi. Baƙo ba ya biya, amma dole ya ba da labarin garinsu. Na ba su labarin faranti. Wani mai awaki ya ce shi a ganinsa sammu ne. Na kwana da igiya, bakinta ɗaya a taya ɗaya a ƙafata. Da safe Malam Iro ya ga igiyar ya ce, "Malam Haladu, a ɗakin nan ko akuya ba ma ɗaurewa haka."

A hanyarmu ta zuwa kasuwa na ga abubuwa biyu da har yanzu nake tunawa. Na farko, mata a kan babur. Ba goyo ba, su ke tuƙi. 'Yan mata, matan aure da yara a baya, har da wata tsohuwa mai furfura da ƙaton gwaggwaro, ta danna mana hon ta wuce kamar iska. Na biyu, manyan hotuna a kowace kwana, girman na 'yan siyasa. Na ga na wata tsohuwa cikin ado tana murmushi, na tambayi Malam Iro wace kujera take nema. Ya ce, "Ta riga ta samu. Rasuwa ta yi." Ashe sanarwar jana'iza ce. Su sukan ajiye mamaci a asibiti har sai dangi na nesa sun taru an shirya, a yi taro da kiɗa da abinci. Na ce mu da akan binne mutum kafin wasu maƙwabta su ji. Ya ce su ma haka suke mamakinmu, suna cewa wane irin sauri ne wannan.

Kasuwar kuwa, ku ɗauki kasuwar Lafia ku cire doya da atamfa da tumatir, ku cika ta da ƙarfe, sa'an nan ku ninka ta yadda kuka ga dama. Layi guda fitilu ne zalla, wani kaca zalla, wani madubi. Kowane shago kamar ɗan'uwansa. Ana ta jan hannun rigata, "Aboki, zo nan, aboki!" Na rungume tayata. Malam Iro ya kai ni wani shago ya ce, "Ga Mama Ifeoma. A Gusau ta girma. Duk abin da ta ce maka ka yi." Ya koma wurin albasarsa.

Mace ce mai jiki, ta kusa haifata, da tabarau a kan hanci. Ta buɗe baki sai na ji kunya ta kama ni. "Maraba da baƙon Lafia. Ina gajiya? Ya iyali? Ya aka ji da hanya?" Hausarta ta fi tawa tsabta. Da na amsa ta ce, "Kai, ku mutanen Lafia, Hausarku kamar dafa-duka, komai akwai a ciki." Ta ba ni kujera da goro, da wani kwaɓin gyaɗa mai yaji da suke dangwala goron a ciki. Ban saba ba, amma ya yi daɗi.

Ta kwance zanen, ta ƙwanƙwasa farantina da sifana. Ya yi wata ƙara kamar murfin tukunya. Ta ɗauko wani na babur daga bango ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta. Ta goga magagari a nawa, ya ci. Ta goga a nata, ya zame.

"Ka ji bambanci? Irin naka na keke mai inji duk haka suke zuwa, ko a nan. Wannan shi ne ƙarfe, amma na babur ne, sai an yi masa aiki kafin ya hau tayarka. Zauna, ina zuwa."

Kafin in ce wani abu ta ɗauki tayata da farantin, ta ɗaure a bayan babur ɗinta, ta tayar, ta shige cikin mutane.

Daga baya Malam Iro ya bayyana mini cewa haka tsarinsu yake. Ba a ce wa mai saye babu, ba a kuma yawo da shi. Kai dai ka zauna, kayanka su yi yawon, daga mai wannan zuwa mai wancan, har su dawo maka a gyare. Amma a lokacin ba wanda ya gaya mini. Na zauna. Na cinye goro. Na fara cewa idan fa ba ta dawo ba? Idan fa shagon ma ba nata ba ne? Idan fa ta ajiye tayar wani wuri aka musanya ta? Na ga kaina ina shiga gidan Hajiya Lami da zane kawai a hannu.

Na ce bari in leƙa bakin layi kawai. A bakin layi na hango wata mai irin ɗankwalinta a kan babur ta sha kwana. Na bi ta da sauri. Na sha kwanar, na sha wata, da na cim mata sai na ga ba ita ba ce, buhun garin rogo ne ma a bayanta. Na juya in koma, sai na rasa ta inda na fito. Duk layin da na shiga kaca ce da faranti a rataye. Na tambayi wani ina shagon Mama Ifeoma. Ya ce wacce daga ciki? Ya nuna mini wata, siririya, ba ta jin ko sannu. Ban karɓi lambar wayarta ba, ban karɓi ta Malam Iro ba, ban duba lambar shago ba. Ni da nake duba ƙofar gidana sau da yawa kafin in fita.

Na yi ta yawo har rana ta take. Daga ƙarshe na zauna a kan wani dakali. Ba taya, ba faranti, hanyar Kwandere ta tafi. Sa'an nan wani tunani ya zo wanda ya fi wannan ciwo: matar nan ta bar ni ni kaɗai a shagonta a buɗe, na tashi na bar shi. In wani abu ya ɓace, a wuyana yake.

Ina cikin haka sai lasifikar kasuwa ta yi ƙara. Aka yi magana da yarensu, ban gane ba. Sai na ji muryar mace da Hausa raɗau, ta cika kasuwar duka:

"Haladu na Lafia! Haladu mai taya! Duk inda kake ka tsaya nan, kada ka ƙara ko taku ɗaya. Cire hularka ka ɗaga sama!"

Na miƙe na cire hula na ɗaga. Layin duka ya juyo. Wani ya yi ihu, wani ya amsa daga can, aka riƙa miƙa ihun daga shago zuwa shago. Masu shaguna suka fito suna tafi. Haka na tsaya da hula a sama kamar mai gwanjonta, har babur ɗinta ya ɓullo.

Ta sauka ta cire tabarau ta dube ni. "Ɗan nan, na bar maka shago cike da kaya, kai ka bar mini taya guda mai faci. Tsakanina da kai wa ya kamata ya ji tsoro?"

Na ce ta yafe mini, na tambaya ko wani abu ya ɓace. Ta ce maƙwabta sun fi ni iya gadi. Ta ce in hau baya mu je. Na ce zan bi ta a ƙasa. Ta ce, "Na kusa haifarka fa." Na ce duk da haka. Sai ta riƙa tafiya a hankali ina binta da sassarfa, tana yi wa mutane bayanina da yarensu suna dariya.

Bayan kasuwa ta kai ni, rumfar wani dattijo da ake kira Oga Chidi, mai injin da ke juya ƙarfe yana fere shi. Ga tayata a kafe a kan wani ƙarfe, lafiyarta ƙalau. Na taɓa ta sai da na ji hawaye. Oga Chidi ba ya jin Hausa, Mama ce ke fassara. Abu na farko da ya ce, wanda ya kawo tayar gaba ɗaya ya yi dabara, don sai da ita zai auna cibiyarta. Wannan ina so Terna ya ji, da ɗan kamashon tasha.

Amma bai tsaya nan ba. Ya juya tayar da hannu, ya ce in kalli tsohon farantin. Sai na ga yana rangaji, yana zuwa dama yana komawa hagu. Ya nuna mini notunan da suka riƙe shi a jikin wayoyin taya. Kusurwoyinsu duk sun side, robar da ke ƙarƙashi ta lotse a gefe guda.

Mama ta ce, "Yana tambaya wa ke taɓa notunan nan."

Na ce, "Ni ne. Kowace safiya kafin in fita nakan bi su da sifana in ƙara ɗaurewa. A hanya ma in na ji wata ƙara nakan tsaya in ƙara."

Ta fassara. Oga Chidi ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zauna a benci, ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce irin wannan ɗauri sau ɗaya ake yin sa, a daidaita ko'ina, a bar shi. Duk notin da ka ƙara wa ƙarfi sai ya jawo farantin gefensa. Faranti ya karkace, kaca ta riƙa cin haƙoran a kaikaice. Ya ce ƙarfen banza ne, wannan gaskiya ne. Amma kai ko na jirgin ƙasa aka sa maka sai ka cinye shi."

Na ce ai mutum ba ya hau abu bai duba ba. Idan fa noti ya kwance a hanya? Ta ce dubawa da ido ake yi. Na ce ido ba ya jin sako-sako. Ta ce, "Oga Chidi, ka ji irinsa ko?" da Hausa, ta manta ma ba ya ji.

Na zauna na ga aikin da idona, wannan karon ba wanda ya ce in jira a wani wuri. Ya fere tsakiyar farantin babur ɗin, ya huda shi. Ya yi wani maƙalin ƙarfe gida biyu wanda ya rungume cibiyar tayar kanta, ba ruwansa da wayoyi, ba roba. Mama ta kawo sabuwar kaca mai kauri da ɗan ƙaramin farantin gaba na wajen inji, ta ce tare suke tafiya, tsohuwar kaca in ta hau sabon faranti ita ma cinye shi take yi. Da ya gama ya juya tayar. Farantin ya tsaya cak kamar ba ya motsi.

Sai na lura ƙusoshin da ya sa ba irin nawa ba ne. Kansu a mulmule yake da ɗan rami a tsakiya, sifana ba ta da inda za ta kama. Na tambaya da me ake ɗaure su. Oga Chidi ya ɗaga wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, shi ne makullinsu. Na miƙa hannu. Mama ta riga ni.

"Kawo lambar matarka."

Ta kira a gabana ta saki murya kowa na ji. "Asabe ce? Sunana Mama Ifeoma, daga Nnewi. Mijinki na nan lafiya, mun same shi."

Na ji Asabe ta ce, "Kun same shi? Da ya ɓata ne, Mama?"

"Wannan shi zai ba ki labari. Ki saurara, 'yata. Zan ba shi wani ɗan makulli a ƙunshe. Da ya shigo gida ki karɓa. Bakanike kaɗai za ki ba, shi ma sai in shi ya nema da bakinsa."

"Mama, Allah ya saka miki. Akwai na ƙofar gida ma, ko za ki yi masa magana?"

Suka yi ta dariya kamar sun shekara da sanin juna. Mama ta naɗe makullin a takarda, ta liƙe da salatif, ta sa na yi alkawari ba zan buɗe ba. Da zan tafi ta ƙara mini goro ta ce in na ga mai zuwa Gusau in ce tana gaida garin.

Dawowa ba wani labari. Taya a cinya, makulli a aljihu yana ƙona ni kamar garwashi, amma alkawari na yi. Na yi sallama a ƙofar gida, Asabe ta fito, kafin ta ce sannu da zuwa ta miƙo tafin hannu. Washegari Terna ya mayar da taya, ya sa kaca, ya daidaita. Ya ƙwanƙwasa farantin ya saurari ƙarar, ya ce, "Oga Haladu, wannan sai dai ya binne mu."

Ranar da na koma aiki na tarar da Sabo a ƙofar gidan biredi, a kan babur ɗinsa. Ba mugu ba ne, shi ma iyali gare shi. Ya ce, "Malam Haladu, ko in biyo ka a baya, ko da za a buƙace ni?" Hajiya Lami ta fito. Ta sa aka cika mini akwati, ta tsaya tana kallo har na fita.

Ban yi nisa da gari ba na fara jin wata 'yar ƙara daga baya, ƙis, ƙis, ƙis. Na tsaya na sauka, hannuna ya tafi aljihu da kansa. Ba komai a ciki sai goro. Na tsuguna na kalli farantin. Na juya tayar. Yana nan cak. Na taɓa ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da yatsa zai iya yi musu. Na duba gabas na ga gari na ƙara haske, masu shayi sun ɗora ruwa. Ba abin da ya rage mini sai in hau. Na hau. Ƙarar ta bi ni har Kwandere, kaca kuwa ko sau ɗaya ba ta yi tsalle ba. Mai shayin farko ya ce, "Yau kai ne da wuri haka?" Har yau ban san ko ƙarar mene ce ba.

Da na dawo da akwati ba komai, Hajiya ta leƙa ciki, ta leƙa tayar, ta ce wa Sabo ya bar mini Kwandere, ya riƙe hanyar Shabu. Ni kuma ta ce, "Gobe ka zo da babban akwati."

Damina ta ƙare, an yi girbi, haƙoran farantin suna nan kamar ranar da aka fere su. Kwanan baya na ce wa Asabe ta ɗan nuna mini makullin, ba taɓawa zan yi ba, in dai tabbatar bai yi tsatsa ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Na duba maka, Baban Hauwa," in ji ta. "Da ido."